Baƙin Littafin Kaporal Édouard

A zamanin Ahijo, mutumin Garuwa ko tari zai yi sai ya waiga ya ga wa ke bayansa. Ba hana magana aka yi ba, ana yi, har da shewa. Sai dai kowa ya san akwai wata mota marar rubutu a jiki da takan tsaya a ƙofar gida ta ɗauki mutum da silifas ɗinsa, washegari iyalinsa su ce ya tafi ƙauye gaida dangi. To a irin wannan gari Kaporal Édouard ya shekara ashirin yana cin abinci da asirin mutane, ba a taɓa jin ko ɗaya ya zube ba.

Sana'arsa rubuta wa mutane wasiƙa. Tebur ɗaya, benci ɗaya, da tsohuwar tafireta, a gindin darbejiya daura da gidan waya. Ɗan duwatsun Mokolo ne. 'Yan mishan suka koya masa boko, sojan Faransa suka ɗebe shi gemunsa bai tsiro ba, suka yawata da shi ƙasashen da ba ya son ambata, suka sako shi da igiya biyu ta kaporal, wato kofur, da Faransancin da ke sa akawun gwamnati gyara zama. Mahautan unguwar Hausare, direbobin manyan motoci, mata masu 'ya'ya a Yola da Mubi, kowa bencinsa yake nema. Ka matso ka faɗa masa a hankali, ya buga, ya karanta maka, ya liƙe. Ba ya ajiye kwafi. In ka dawo bayan shekara uku, shi zai tuna maka lambar akwatin surukinka da sunan jaririn da aka haifa wancan karon. Yakan buga goshinsa da yatsa ya ce, nan ne ofis, kuma ba a ba kowa makulli ba.

Har matarsa bai ba ta ba, kuma ya yi daidai. Angèle 'yar wajen Gidar ce, yarensu ba ɗaya ba, da Hausar kasuwa suka yi zance, da ita suke faɗa. Bakinta kuwa, rediyon Garuwa ma yakan huta da tsakar rana, nata ba ya hutawa. In akuya ta haihu a Yalwa, kafin ta lashe ɗanta labarin ya kai bakin gada ta hannun Angèle. Tana da rumfa a kasuwa inda take sayar da rigunan matashin kai da ta yi wa ado da zare. Sistocin coci suka koya mata: a ɗora siririyar takarda a kan zane, a bi da fensir, a mayar kan ƙyalle. Furanni, tsuntsaye, har da kalmomin Faransanci masu lanƙwasa. Ta ɗinka rubutu ya fi dubu a rayuwarta, amma ko baƙi ɗaya ba ta iya karantawa, in ban da siffar sunanta.

A shekarar saba'in da tara Kaporal ya fara tsayawa a hanya yana dafe ƙirji, ya ce kamar an ɗora masa buhun gyaɗa. Likita ya ce jijiyoyin da ke shayar da zuciyarsa sun toshe, kuma aikin ba na ƙasar nan ba ne. Sai ya zauna ya buga wa kansa wasiƙa, irin wadda bai taɓa buga wa kowa ba, ya jera yaƙe-yaƙensa da lambar sojansa, ya aika. Allah da ikonsa, aka kai shi Faransa. Can aka tsaga ƙirjin kamar kabewa, aka zaro jijiya daga ƙafarsa aka yi wa jini sabuwar hanya, wani inji yana yi masa aikin zuciya har aka gama ɗinki. Bayan wata huɗu ya sauko daga jirgi da ƙiba, da hular sanyi a garin da ƙwai ke dahuwa a kan kwalta.

Ya koma gindin darbejiyarsa. Ƙirji lafiya lau. Amma Angèle, da ba abin da ke wuce idonta, ta ga mutumin nan ya dawo da wani sabon hali. Ya rage magana. In baƙo ya zauna, sai ya ƙura masa ido tukuna kamar mai auna shi. Sannan ga wani ɗan littafi mai baƙin bango a aljihun gaba. Mutum na tashi daga benci, sai ya zaro shi, ya kare da hannu, ya yi rubutu, ya mayar. Mutumin da ya shekara ashirin yana fariyar ba ya ajiye komai a takarda!

Ta ce, "Kaporal, mene ne wannan kake ta ɓoyewa kamar gafiya?"

Ya ce, "Aiki ne."

"Wane aiki? Aikin da na sani, ana liƙewa a jefa a akwati."

"Angèle, ki ji da zarenki."

Ko wanka zai shiga da littafin yake shiga, ya soke shi a jikin zana. In ya kwanta barcin rana, a ƙarƙashin haƙarƙarinsa yake.

Ba ita kaɗai ke da ido ba. Wata Litinin da hantsi, Malam Hamadu mahauci ya zo rumfarta. Dogo ne, mai tabo a gira, ya fi shekara goma sha biyar yana hawa bencin Kaporal. Ya ɗaga rigar matashi yana juyawa kamar mai saye.

Angèle ta ce, "Malam Hamadu, ajiye mini kayana, hannunka duk kitse. Tun yaushe mahauci ya san matashi? Ba a kan fata kuke kwana ba?"

Bai yi dariya ba. Ya rage murya ya ce, "Madam, kin ji an ɗauki ƙanena Bappa a tasha?"

"Na ji. Allah ya fito da shi."

"Amin. Kwana goma sha biyu kafin nan na zauna a bencin mijinki, na aika wa Bappa wasiƙa a kan tafiye-tafiyensa. Daga ni sai Kaporal sai Allah. Ina tashi na ga ya zaro baƙin littafin nan." Ya ajiye rigar. "Ranar Laraba kuma masu tura amalanke sun gan shi tsaye a gaban komisariya, ofishin 'yan sanda, ya kusa awa guda, yana duba littafin yana duba hanya. Me yake jira? Madam, talaka nawa ke mutuwa da ciwon ƙirji a garin nan? Wa aka taɓa sawa a jirgi don kyan fuskarsa? Ruwa ba ya tsami banza."

"To ka je ka tambayi ruwan! Mijina jininsa ya zubar musu, ba nama ya auna musu da ƙashi a ƙasa ba."

"Faɗi son ranki. Mu dai mun zauna. Zuwa Juma'a bayan masallaci za mu zo mu ga abin da ke cikin littafin. In ya hana, ba mai sake hawa bencinsa. Abin da zai biyo baya kuma, mahauta da yawa ne, ba duka ke jin maganata ba."

Ta raka shi da baƙar magana har ya sha kwana, don kada maƙwabtan rumfa su ce ta ji tsoro. Amma da ta zauna, zaren ya ƙi shiga allura. Wata huɗu a can, shi kaɗai. Wa ya ziyarce shi a gadon asibiti? Me suka ce masa a yaren da ba ta ji? Ta tuna shekaranjiya ta ce masa matar Roger mai gyaran keke ta yi yaji, ya ce, "Wane Roger?" kamar ba tare suke zuwa coci ba, sannan ya juya baya ya yi rubutu. Wato har gulmarta ma shiga take yi.

Ga littafi a gidanta, ga amsa a ciki, amma wa zai karanta mata? In ta kai wa malamin coci, ya ga sunayen mutane, ta kashe mijinta da hannunta. In ta kai wa akawu, wa ya san wa akawun ke yi wa aiki? A Garuwa ta lokacin, duk mai iya karatu abin tsoro ne. Sai dabarar sana'arta ta faɗo mata.

Talata da azahar, Kaporal ya ci tuwo ya miƙe a inuwa. Ta jira minsharinsa ya daidaita, ta zare littafin a hankali kamar mai zare ƙaya. Ta buɗe tsakiya, ta ɗora siririyar takardarta, ta bi layi biyu da fensir, lanƙwasa bayan lanƙwasa, yadda take bin reshen fure. Ta mayar masa da kayansa.

Ta tafi tashar motocin Ngawundere ta zaɓi baƙo, wani ɗan kudu mai tabarau da jakar hannu, wanda motarsa ke shirin tashi. Wanda zai bar gari yanzu ba zai kai ƙarar kowa ba. Ta ce masa da guntun Faransancinta, Mushe, wato Malam, zanen matashi ne aka ba ni, me ya ce?

Mutumin ya karanta a fili yana mayar mata da guntuwar Hausarsa, yana murmushi da farko: "Hamadu, mahauci, Hausare. Dogo, tabo a girar hagu. Ƙanensa Bappa, direba, yana ƙetarawa Najeriya ba takarda." Murmushin ya ɗauke. Ya miƙo mata takardar da yatsu biyu kamar ta ɗauki wuta, ya ce shi bai ga komai ba, bai san ta ba, ya haye mota ya juya fuska.

Angèle ta dunƙule takardar ta jefa a baki ta tauna. Ta ce daga baya ko maɗaci bai kai ta ɗaci ba. Suna, unguwa, kamanni, laifi. Wane mai rubuta wasiƙa ke buƙatar tabon girar mutum? Wannan ai rubutun masu motar nan ne. Ta dawo gida ta tarar da shi yana wanke fuska, ya ce mata sannu da zuwa, ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa. Shekara ashirin da shida tana kwana da mutum.

Ranar Laraba ta sake zare littafin. Wannan karon kanta take nema. In ya sayar da Hamadu, ita nawa ya rubuta a kanta, ita da bakinta ya zagi kowa har da manyan ƙasa masu hoto a jikin atamfa? Ba ta sha wahala ba. Shafin farko, layin farko, ga siffar sunanta. Ta kwafe shafin kaf.

Wannan ba na baƙo ba ne. Ta kai wa Mama Élisabeth, tsohuwar nas ta asibitin mishan, wadda ta karɓi haihuwar 'ya'yanta duka, ta riga ta ga abin da ya fi wannan muni a jikinta. Ta rufe ƙofa ta ce, "Mama, karanta mini. Kada ki rage, kada ki sa gishiri."

Tsohuwa ta sa tabarau, ta karanta a zuci, ta daɗe. Sannan ta mayar da Hausa, a hankali.

"Angèle, matata. Gajera, mai wushirya. 'Ya'yanmu Micheline da Hubert, suna Yawunde. In ta ce ka ci abinci, duba kwano kafin ka amsa. Hanyar gida: daga gidan waya ka miƙe, ka bar komisariya a dama, ka karya hagu wajen famfo, ƙofa ta uku, shuɗiya. Kada ta sani."

Tsohuwa ta ajiye takardar. Can Angèle ta ce, "Gajera? Ni ce gajera? Shi da na fi shi wuya?" Sai muryar ta karye, ta toshe baki da gefen zane.

Mama Élisabeth ta ce, "Na taɓa ji daga wani likita. Waɗanda aka bi da jininsu ta cikin inji, wasu sukan tashi zuciya ta gyaru, kai kuma ya yi hazo. Tsohon abu yana nan, sabo ne ba ya zama, wani lokaci har tsohon ma sai an lalubo. Wasu yakan washe musu. Wasu ba ya washewa. Kada ki tambaye ni nasa, ban sani ba."

A hanyar gida Angèle ta tsaya a gaban komisariya, daidai inda masu amalanke suka ce sun gan shi. Hanya uku ce ta rabu a wurin. Awa guda, a rana, yana neman famfo.

Sauƙin da ta ji bai raka ta har ƙofa ba. Mijinta ba ɗan rahoto ba ne, to, amma littafin fa? Mutumin da ke manta ko ya ci tuwo, wata rana zai manta littafin a kan benci, wani ya tsinta. Abin da Hamadu ke tsoro yana nan a ciki, baƙi a kan fari, nasa da na rabin Hausare.

Ta same shi a tsakar gida yana goge tafireta. Ta tsaya a kansa ta ce, "Ƙofa ta uku, shuɗiya."

Hannunsa ya tsaya. Ya taɓa aljihu, littafin na nan. Ya ɗago.

"Wa ya karanta miki?"

"Aljanu. Kaporal, garin nan gaba ɗaya cewa ake ka zama kunnen gwamnati. Jibi mahauta za su zo maka. Ka sani?"

"Na sani." Ya nuna aljihun. "Na rubuta."

"Ka sani ka yi gum?"

"Wata nas ce a can ta ba ni shi, ta ce in riƙa rubutawa kafin kan ya dawo. Bai dawo ba. Mutum zai zauna, na san muryarsa, na san ya taɓa kuka a gabana, sunan ya ƙi zuwa. Tsorona kada in tambayi wani labarin wani. Shi ya sa nake rubuta na kowa a gefen sunansa." Ya mayar da ido kan tafireta. "Gara su ce ni mugu ne, Angèle. Mugu ana gaishe shi. Wanda kansa ya zube, yara ke bi da waƙa."

"Mugu ana gaishe shi da wuƙar fawa! Kai dai soja ne har a wauta."

Ranar Juma'a bayan an sauko, Malam Hamadu ya zo da dattawan mahauta biyu. Suka tarar da Angèle zaune a gefen tebur da ɗinkinta, abin da ba a taɓa gani ba. Kaporal ya ɗora littafin a gabansu. Ba mai iya karanta shi a cikinsu, sai suka tsaya suna kallonsa kamar kunama.

Angèle ta ce, "Karanta musu shafin farko."

Ya dube ta, irin kallon da ake yi wa mai cire wa mutum wando a kasuwa. Ta ƙi kawar da kai. Ya karanta yana mayarwa da Hausa, da muryar da yake karanta wasiƙun mutane, bai tsallake ko gajera ba. Ɗaya dattijon ya ce, "Subhanallahi," ya sunkuyar da kai. Hamadu kuwa bai motsa ba.

Ya ce, "Wa ya shaida abin da ya karanta shi ne a rubuce? Kuma ko shi ne, wanda ya iya rubuta wa Faransa ta aiko jirgi, shafi ɗaya zai gagare shi? Ni sunana na ciki ko babu?"

Kaporal ya ce, "Yana ciki. Da na Bappa."

"To."

Angèle ta miƙe ta ɗauki littafin. Akwai mai tsire a bakin gidan waya, wutarsa na ci. Ta ce, "Malam Hamadu, zo ka sa da hannunka, kada gobe ka ce na musanya." Hamadu ya karɓa ya tura shi cikin garwashi. Kaporal na zaune yana kallon hayaƙin, hannunsa dafe da aljihun da ba komai.

Hamadu ya ce, "Yanzu wa zai riƙe masa sunayen?"

Ta ce, "Ni."

Nan fa dattawan nan, duk da nauyin zancen, dariya ta ƙwace musu. A ba kura ajiyar nama! Ɗayansu ya ce gara littafin, shi aƙalla ba ya zuwa kasuwa.

Haka aka koma. Da safe ta riƙo shi su zo tare, ta shimfiɗa kayanta a gefe. Mutum na tunkarowa, sai ta ce ƙasa-ƙasa, ba ta ɗaga kai daga allura ba, "Aminatu mai ƙosai, ɗanta na Mubi, kada ka tambayi mijin." Shi kuma ya tare ta da fara'a kamar jiya suka rabu. Rabin masu zuwa ba su dawo ba. Wasu suka ce da kunne ɗaya ne, yanzu an ƙaro na biyu. Waɗanda suka dawo ma gaisuwa kawai suke aikawa, muna lafiya, ruwa ya sauka, a gaida yara.

Bayan wata guda sai ga Hamadu. Ya zauna, ya ɗaga murya yadda Angèle za ta ji sarai, ya sa aka rubuta wa wani a Ngawundere cewa ya yi faɗa da Sarkin Fawa, zai tattara ya bar Garuwa a ɓoye kafin Babbar Salla. Labari mai maiƙo irin wannan! Angèle ta ɗauke shi ta kai gida, ta kwana da shi, ta je coci da shi. Matan kasuwa suka ce ta rame. Sau biyu ta buɗe baki a gaban matar Roger, sau biyu ta cusa goro a ciki, ita da ba ta cin goro. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma nata bai saba ba, har kumburi ya yi.

Sati uku Hamadu yana baza kunne a mahauta, a tasha, a bakin masallaci. Shiru. Ran nan da hantsi ya dawo, ya zauna a benci, ya dubi Angèle.

"Madam, ba inda za ni. Ni da Sarkin Fawa ko musu ba mu yi ba."

Ta ajiye allura. "Wato ƙarya na yi wa dako sati uku? Allah ya isa goron da na ci, Malam Hamadu!"

Hamadu ya gyara zama. Ya matso da bencin har gwiwarsa ta taɓa tebur, ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Kaporal, takarda nake so zuwa ga manya. A tambaya mini inda aka ajiye Bappa, da ko za a bari a kai masa kaya. Irin wadda ka rubuta wa kanka. Za ka iya?"

Kaporal ya dubi matarsa. Ta ce a hankali, "Bappa ƙanensa ne, direba. Wata biyu ke nan da ɗauke shi, a tasha."

Ya gyaɗa kai, ya zura farar takarda a tafireta, ya daidaita ta. Wannan Faransancin na gaida manya da roƙonsu ba tare da an durƙusa ba, yana can inda hazon bai kai ba. Ya ce, "Faɗi cikakken sunansa, da shekarar haihuwa." Hamadu ya faɗa, da sunan uwa da na uba, da lambar motar, da abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba game da tafiyar ƙarshe. Angèle ta zare sabon zare ta lasa bakinsa, ta sa a allura.